Ba'indiye mai rawani da gemu: su wane ne Sik?

Tambaya: Malam, ni direba ne a wata masana'antar roba da ke Ikeja, kuma cikin injiniyoyinmu akwai wani Ba'indiye mai cikar gemu wanda ba ya rabuwa da rawani. Na daɗe ina yi masa kallon Musulmi, har ranar wata Juma'a na ce ya zo mu tafi masallaci, sai ya yi murmushi ya ce shi Sik ne. Shin wata ɗariƙa ce a Musulunci, ko reshe ne na addinin Hindu? Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Malam, ba kai kaɗai rawanin nan ya ruɗa ba, domin a wurinmu rawani alama ce ta malanta ko sarauta. Amma Sik addini ne mai cin gashin kansa, kuma mabiyansa ba sa son a jingina su ga Musulunci ko Hindu.

Wanda ya kafa shi, Guru Nanak (Guru na nufin jagora ko malami), an haife shi a shekarar 1469 a wani ƙauye na yankin Punjab da a yau ake kira Nankana Sahib, cikin Pakistan. Iyayensa 'yan Hindu ne, amma ya tashi a tsakiyar Musulmi, har ma abokin tafiye-tafiyensa na tsawon shekaru, Mardana, Musulmi ne. Ya yi kira ga bautar Ubangiji ɗaya, ya ƙi gumaka, ya kuma yi watsi da tsarin da ke fifita mutum a kan ɗan'uwansa saboda gidan da aka haife shi. Daga nan ne al'adar da ta fi burge ni a wurinsu ta samo asali, wato langar: kowane wurin ibadarsu yana da madafa inda ake ciyar da duk wanda ya shigo kyauta, attajiri da talaka su zauna a ƙasa sahu ɗaya, ba a tambayar kowa addininsa.

Bayan rasuwarsa a 1539, jagorori tara suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, suka zama goma har da shi. Na biyar cikin goman, Guru Arjan, shi ne ya tattara littafinsu a 1604 a birnin Amritsar, kuma abin lura shi ne ya sanya baitocin Shehu Farid, wani sufi Musulmi, a cikinsa. Sai dai dangantakarsu da sarakunan Mughal, Musulmin da ke mulkin Indiya a lokacin, ta yi tsami, aka kashe Arjan a 1606, aka kuma fille kan jagora na tara, Tegh Bahadur, a Delhi a 1675.

Wannan tsanani ne ya sa ɗansa, Guru Gobind Singh, ya kafa ƙungiyar Khalsa a 1699, ya ɗora wa duk wanda ya shiga riƙe abubuwa biyar: barin gashi ba aski, matsefi, munduwar ƙarfe, gajeren wando da wuƙa. Rawanin abokin aikinka, ke nan, yana rufe gashin da addini ya hana shi askewa ne. Guru Gobind Singh ne kuma ya ba maza sunan Singh, ma'ana zaki, mata kuma Kaur. Kafin ya rasu a 1708 ya ce babu sauran jagora ɗan Adam, littafin ne zai gaje shi, shi ya sa suke kiransa Guru Granth Sahib.

Daga baya mabiya addinin sun kafa daula a Lahore a ƙarƙashin Ranjit Singh, Turawan Ingila suka ci ta a 1849, sannan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta tsaga Punjab gida biyu, yawancinsu suka koma ɓangaren Indiya.

Kada kaɗaita Ubangijin da suke yi ya sa ka zaci aƙidarmu ɗaya, domin sun yarda rai yana sake dawowa duniya a wani jiki, kuma ƙona mamatansu suke yi. 'Yan Khalsa ba sa shan taba ko giya, ba sa kuma cin yankan da aka yi bisa ƙa'idar Musulunci, don haka kada ka ji haushi idan ya ƙi karɓar naman layya. In kun haɗu gobe a bakin ƙofar masana'anta, gaisuwar da suke yi wa juna ita ce "Sat Sri Akal".