Mota tana zafi a cunkoso, tana hucewa a buɗaɗɗen titi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord ƙirar 1998. Tun shigowar bazara, in na faɗa cunkoson Bata ko Kantin Kwari da azahar sai allurar zafi ta hau kusan ja, amma da na miƙe titin Zariya sai ta sauko. Kuma duk bayan kwana biyu sai na ƙara ruwa. Bakanikena ya ce a cire tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya ɗumama), a haɗa fanka dairek, wato ta riƙa juyi ba tsayawa. In yarda? Daga mai karatu a Hotoro.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka yarda tukuna, domin motarka ta riga ta faɗa maka inda ciwon yake. In kana gudu, iskar hanya ce ke ratsa lagireto ta sanyaya ruwa. In ka tsaya a cunkoso kuwa, fanka kaɗai ke wannan aikin. Motar da ke zafi a tsaye tana hucewa a guje, fanka ake fara tuhuma.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Buɗe bonet, tayar da mota, kunna esi. Wannan Honda fanka biyu gare ta, kuma ya kamata duka su tashi. In ɗaya ta yi shiru, ko tana juyi a kasale, a duba fiyus da rile da suwicin da ke tayar da ita, kafin a zargi fankar kanta. Sannan ka haska fitila ta bayan lagireto. Ƙurar hunturu da ganye da leda sukan liƙe a tsakaninsa da kwandansan esi kamar tabarma, iska ta rasa hanya. A wanke da ruwa a hankali, don ƙarfin injin wankin mota yana lanƙwasa haƙoransa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ruwan nan da kake ƙarawa. Lafiyayyar mota tana yin watanni ba ta nemi ruwa ba, don haka naka akwai inda yake bi. Fara da murfin lagireto. Mutane sun raina shi, alhali shi ke riƙe matsi na ba (bar, ma'aunin matsi) 1.1, wanda ke sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, sai wajen 120. In robarsa ta tsage ko sifirin ya saki, ruwa zai tafasa da wuri ya yi amai. Daga nan ka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, ka dubi saman lagireto na roba, wanda tsufa kan sa ya tsage siriri kamar gashi. Farin busasshen tabo shi ne sawun yoyo. Ɗigo ta gefen taimin bel kuma yakan nuna wata-famfo ya gaji.

In ba a ga yoyo ko ɗaya ba, to saura gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Da sassafe, inji da sanyinsa, cire murfi, cika ruwa, ka tayar. Kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko farin hayaƙi mai kauri a salansa bayan mota ta ɗumama, ko baƙin mai ya koma launin shayi da madara, duk alamun ƙonewar gasket ne. Nan kam ajiye motar ya fi, kafin inji ya buga.

Batun tamostat, na san al'ada ce a garejojinmu a cire a yar, wai na ƙasar sanyi ne. Ban yarda ba. Yana buɗewa ne a wajen digiri 80, don inji ya zauna kusa da 90 inda ya fi aiki daidai. In babu shi, a safiyar sanyin Janairu inji zai daɗe bai ɗumama ba, ya sha fetur, ya ci kansa. In ana zarginsa, a jefa shi a tukunyar ruwa bisa wuta, za ka ga ya buɗe baki kafin ruwan ya tafasa. In ya ƙi, a sayo sabo mai kyau a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa. Fanka dairek kuma rufe ciwo ne kawai, ga kashe fankar da wuri.

Ruwan rijiya da na burtsatse su ma a bar su, su ke tara tsatsa da dauɗa a cikin lagireto. A zuba kulan, wato ruwan lagireto na musamman.

Kafin ka kai ta gyara, in allura ta hau a hanya, kashe esi, ka gangara gefe ka kashe inji. Don girman Allah kada ka buɗe murfi da zafi. Na taɓa ganin yaron gareji da tafasasshen ruwa ya saluɓe masa hannu har gwiwa. Kada kuma ka fasa fiya wata ka kwara wa inji, don kansa na alminiyam ne, yana iya karkacewa. Jira kamar minti 30, ka rufa tsumma a kan murfin, ka murɗa kaɗan iska ta fita, sannan ka buɗe.