Furen da bazarar Maraɗi ba ta kashewa: amsoshin tambayoyinku

Wata Hajiya daga unguwar Ali Ɗan Sofo ta rubuto cewa sau biyu tana sayen furen roz da ciyawar ado a bakin titi, duk suna ƙonewa kafin watan Afirilu ya ƙare, ga kuɗin ruwan famfo ya hau. Yanzu ta ware jika goma, tana son sanin abin da za ta saya.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, kuma ba hannunki ne ba ya da albarka ba. Ruwan saman da Maraɗi ke samu a shekara bai wuce milimita 500 da ɗoriya ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, sannan a Afirilu da Mayu zafi ya haura digiri 40. Ƙasar tudu kuwa rairayi ce, kina zuba ruwa tana shanyewa. Abin da kika gani shar a wurin mai sayarwa yana ƙarƙashin inuwar bedi ne, ana ba shi ruwa safe da yamma. Kafin ki ciro kuɗi, ki zagaya unguwa ki duba abin da ke raye a ƙofar gidajen da ba su da mai ban ruwa. Shi za ki saya.

Da ni ce, da kariya zan fara. Itacen dajinmu ne, mai gindi kumbure kamar tulu, a nan yake ajiye ruwansa. Da rani yakan zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai ki wayi gari ki ga jajayen furanni masu fari a tsakiya a bakin rassa, lokacin da komai na tsakar gida ya yi ƙura. Idan za ki saya, ki matsa gindin da yatsa. Mai tauri shi ne lafiyayye. Wanda ya lotsa wataƙila ya fara ruɓa, ki bar musu abinsu ko da sun rage miki kuɗi. Yawan ruwa ne ke kashe kariya, don haka in a tukunya za ki sa ta, ki huda ƙasan tukunyar, ki haɗa rairayi da ɗan takin da ya ruɓe sosai. Amma ki ji wannan da kyau: ruwan jikinta dafi ne. Ki ajiye ta inda jikoki da awaki ba sa kaiwa, ki wanke hannu bayan kin yi mata aski.

Sauran kuɗin ki sayi bugenbil, furen nan mai ƙaya da ke hawa bango, guda biyu don jikin katanga, da zabuwa ko alobera a ƙananan tukwane, waɗanda ke yin ƴaƴa a gindi har ki raba wa maƙwabta. Ki ɗaga kowace leda ki duba ƙasanta. In saiwa ta fasa ta kama ƙasa an tsinke ta, shukar ta daɗe a wurin kuma za ta sha wuya kafin ta kama. Ƙarama mai ƙwari ta fi doguwa mai fure. Kuma ki yi haƙuri har damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni ko Yuli, sannan ki dasa, ruwan Allah ya yi miki renon wata uku kyauta. Ciyawar ado kam ki haƙura da ita, rijiya take so.

Wani matashi daga unguwar Zariya ya ce bugenbil ɗinsa ya shekara biyu, ya cika katanga da ganye, fure ko ɗaya babu, alhali kullum yana ba shi ruwa da takin zamani.

Ƙanena, gata ne ya yi masa yawa. Bugenbil asalinsa daga Kudancin Amurka yake, kuma sai ya ji rana da ɗan ƙishi yake fure. Ka daina takin, ka koma ba shi ruwa mai yawa sau ɗaya a mako, ka bari ƙasa ta bushe kafin ka ƙara. In inuwar bango ko ta itace ta rufe shi rabin yini, matsalar ke nan.

Ta ƙarshe daga wata ƴar'uwa ce a Tibiri. Gidanta ba famfo, wurin ƴan garuwa take sayen ruwa, ga awakin maƙwabta. Tana son shinge mai kyan gani wanda ba zai cinye mata cefane ba.

Ƴar'uwa, tambayarki ta taɓa ni, don na san nauyin jarka ɗaya a gidan da ake sayen ruwa. Ki shuka lalle. Mun saba ganinsa a ƙafar amare har mun manta shi ma itacen ado ne: yana jure fari, yana karɓar aski, furensa ƙanana farare in magariba ta yi ƙamshinsu har zaure, ga ganye ki daka ki yi ƙunshi ko ki kai kasuwa. A shekarar farko dai sai kin kewaye shi da ƙaya, domin akuya ba ta da kunya. In ta waje kike son karewa, aguwa ce ke tare dabbobi. Reshe kawai ake yankowa a kafa, kamar yadda manoma ke yi a iyakar gona, sai dai a kiyaye farin ruwanta da ido.

Maganar ruwa kuwa, ki sayi tulun ƙasa wanda ba a shafa wa fenti ba, ki binne shi har wuya a tsakiyar shukokin, ki cika shi ki rufe bakin da faifai ko tsohon murfi saboda sauro. Ruwan yana tsattsafowa a hankali, saiwoyi su je su rungume shi, rana ba ta samun rabonta. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk ki tara ki zuba a gindi da yamma. Na omo da na wanke-wanke mai maiƙo ne kawai ban yarda ba. Ki baza ɓawon gyaɗa a kan ƙasar don ta riƙe laima, amma ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin shukar, ki riƙa ɗagawa kina dubawa, saboda gara ma tana son wurin.