Amsa ga ɗana mai niyyar zuwa Kumasi karatun bakteriyofej

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kowa a gida yana lafiya, na ga saƙonka inda ka ce ka kammala digiri na farko a ilimin ƙananan halittu, kuma kana so ka zo Gana ka yi na biyu a kan bakteriyofej, wato bairos ɗin da ke shiga cikin bakteriya ya hayayyafa har ya fasa ta, domin maganin cutar da ke cin ƙashi da gaɓoɓi. Ka kuma tambaya ko a nan ake koyon yi wa majiyyata wannan magani.

Aikin da za ka tarar a nan na ɗakin gwaje-gwaje ne, ba na bakin gadon majiyyaci ba. Ko a yammacin Turai ma ba a mayar da shi maganin yau da kullum ba, duk da cewa tun 1917 masanin ƙananan halittu Félix d'Hérelle ya bayyana waɗannan ƙwayoyi, kuma cibiyar Eliava ta birnin Tibilisi a Jojiya tana aiki da su tun 1923. A Liyon ta Faransa, inda Farfesa Tristan Ferry ya yi fice a kan ciwon ƙashi, akasari ana ba da su ne ga wanda sauran magunguna suka gaza a kansa, tare da tiyata da maganin antibayotik. Beljiyam kuwa a 2018 ta buɗe hanyar da mai haɗa magani zai haɗa wa kowane majiyyaci nasa bisa umarnin likita.

Abin da ya sa ciwon ƙashi yake da taurin kai shi ne, bakteriya irin su Staphylococcus aureus sukan lulluɓe kansu da wani yauƙi a jikin mataccen ƙashi ko ƙarfen da aka dasa, sai magani ya kasa ratsa su, a yi wata da watanni ana shan ƙwaya amma mugunya ba ta daina fita ba. Wasu fej, wato bakteriyofej a taƙaice, suna iya huda wannan yauƙi, sai dai kowanne yana da irin bakteriyar da yake kamawa, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Saboda haka dole a ɗebo ƙwayar cutar daga jikin majiyyaci, a raine ta, a gwada wane fej ne zai kashe ta.

Nan ne nake ganin amfanin zuwanka, kuma da gaske nake son ka zo. Fej ɗin da aka tara domin majiyyatan Turai ba lallai ba ne ya kama ƙwayoyin da ke addabar mutanenmu. Mu muna da yara masu sikila, waɗanda bakteriyar Salmonella kan shiga ƙashinsu, ga kuma masu karayar haɗarin babur da sukan fara zuwa wurin maɗori, ba su isa asibitin Komfo Anokye na nan Kumasi ba sai rauni ya ruɓe. Shi kuwa fej a ruwan kwata ake yawan samunsa, kuma magudanun unguwannin Aboabo da Asawase na nan Kumasi ba su rasa shi. Wanda ya zauna ya tattara ƙwayoyin cuta daga jikin majiyyatanmu, ya nemo fej ɗin da ke cin su, ya karanta tsarin halittarsu, ya yi aikin da ake matuƙar bukata.

Kafin ka ɗaura kaya, ka rubuta wa malamai a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da cibiyar binciken cututtuka ta KCCR, duk a nan Kumasi, wadda ke haɗin gwiwa da cibiyar Bernhard Nocht ta Jamus, haka kuma cibiyoyin binciken cututtuka na WACCBIP da Noguchi da ke Legon a Akra, ka nemi wanda zai yarda ya duba aikinka a kan wannan batu takamaimai. Kada ka biya ko sisi sai ka sami amsa a rubuce, domin da dala ake lissafa kuɗin makarantar ɗalibin waje, kuma kwana 90 na zama ba tare da biza ba da yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka ba za su wadatar ba, sai ka nemi takardar izinin zama. Masauki kam kada ya dame ka, akwai ɗaki a gidana a Zango, kuma za ka fara koyon harshen Tuwi na mutanen Kumasi wurin ƙannenka, don za ka bukace shi ranar da za ka nemi izinin majiyyaci kafin ka ɗauki samfuri. Ka gaida mahaifiyarka.