Amsa kan ƙarar salansar Land Cruiser

Ɗan'uwa, ka ce Land Cruiser ɗinka mai injin 1HZ ce, kana son ta riƙa ruri irin na V8. Gaskiya ba za ta yi ba. 1HZ silinda 6 gare shi a jere, lita 4.2, na gazuwal, ba turbo. V8 ɗin da kake ji, wato 1VD mai lita 4.5, silindarsa 8 ce a layi biyu, kuma daga yawansu da yadda suke kama wuta bi da bi ne muryar take fitowa. Salansa gyara murya kawai take yi.

Amma 1HZ yana da nasa gurnani mai kauri, ni ma ya fi min daɗi. Ka sa mai walda ya cire tukunyar salansa ta asali, wato mai rage ƙara, ya ɗora wadda bututunta mai huji-huji ya wuce kai tsaye, kewaye da audugar gilashi. Faɗin bututun inci 2.5 ya isa.

Don Allah kar ka bar shi zalla ba tukunya. Ka hau kwaltar Maradi zuwa Zinder da shi haka, kafin Tessaoua kanka ya ɗauki ciwo, ga damun maƙwabta da asuba. In gunjin ya yi yawa a cikin mota, a ƙara 'yar ƙaramar tukunya a tsakiya.

Robobin rataya salansar kuma ka sa sababbi, don gargadar hanyoyin daji tana tsaga walda. Bakin bututun ya fito bayan taya, ya kalli gefe, kar hayaƙi ya dawo ciki.