Amsa ga ƙanena mai son zuwa Kuroshiya buga ƙwallon kwando

Ƙanena, saƙonka ya iso ni. Ka ce shekarunka 19, tsawonka ya kusa mita 2, kana bugawa a filin unguwa a Kano, kuma wani mutum ya yi alkawarin kawo ka gwaji a wani kulob a nan Zagreb, babban birnin Kuroshiya, idan ka biya shi kuɗin hanya da na biza. Ka kuma kafa mini hujja da Dario Saric, cewa shi ma daga nan ya tashi har ya kai NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Tun da kai ka ambace shi, bari in ba ka labarin tashinsa, sai ka auna da kanka.

An haifi Saric a 1994 a Sibenik, wani ƙaramin gari a bakin teku. Garin Drazen Petrovic ne, gwarzon ƙwallon kwandon da ya rasu a hatsarin mota a Jamus a 1993, wanda har yau akwai gidan tarihinsa kusa da zauren wasan kulob ɗin Cibona a Zagreb. Mahaifin Dario, Predrag, ɗan wasa ne da ya buga wa kulob ɗin garin tare da Drazen, mahaifiyarsa ma ta buga. A cikin ƙwallo ya buɗe ido. Yana ɗan shekara 16, a 2010, ya ɗauki kofin Turai na 'yan ƙasa da shekara 16 tare da ƙasarsa, aka zaɓe shi gwarzon gasar. A 2012 ya maimaita hakan a gasar 'yan ƙasa da 18. A 2014 ya ci gasar ABA da Cibona, wadda ke haɗa manyan kulob na ƙasashen tsohuwar Yugoslabiya, nan ma shi ne gwarzo. A wannan shekarar ƙungiyar Orlando ta ɗauke shi a lamba ta 12 wajen zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, ta miƙa shi ga Philadelphia. Duk da haka bai yi gaggawa ba, sai da ya yi shekara 2 a Anadolu Efes ta Turkiyya, sannan ya tafi Amurka a 2016.

Abin da nake so ka lura da shi, a shekarun da kake ciki yanzu, masu farautar 'yan wasa sun daɗe da sanin Saric ciki da bai. Kowane wasansa a rubuce yake, akwai bidiyo, akwai alƙaluma. Haka ake rainon yara a nan. Ka je zauren atisaye da yamma a lokacin sanyi, za ka ga 'yan shekara 8 da 9 suna saukowa daga jirgin cikin gari da iyayensu, su tuɓe manyan riguna a bakin ƙofa, koci ya jera su suna dukan ƙwallo da hannun hagu har sai hannun ya gaji, ko kwandon ba a bari su kalla ba tukuna. Ƙasar ba ta kai mutum miliyan 4 ba, amma dogayen yara masu irin wannan horo sun yi mata yawa. Da su za ka yi gogayya, kuma kulob ba sai ya nema musu takardar izinin aiki ba.

Shi kansa Saric, da gatansa da sunan ubansa, sai da kwantiragi ya ɗaure shi. A 2012 ya sa hannu da Bilbao ta Sifaniya, amma rikicin kuɗin sallama da tsohon kulob ɗinsa, KK Zagreb, ya wargaza cinikin, ya yi ta zaman jira kafin ya shiga Cibona. To ina ga baƙon da bai iya yaren ba, ba shi da lauya, ba shi da kowa?

Batun mutumin nan kuwa, ina roƙonka da Allah kada ka ba shi ko sisi. Kulob ɗin da yake son ka da gaske shi zai turo maka takardar gayyata da sunanka, kuma yawanci shi ke ɗaukar nauyin zuwanka. Ka tambayi mutumin lasisinsa na wakilin 'yan wasa daga FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ka duba sunansa a shafin hukumar. Ka nemi sunan kulob ɗin, ni zan iya bugawa ofishinsu waya in ji. Ka kuma sani Kuroshiya ta shiga yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, a 2023, bizar ziyara kwana 90 ce kacal, ba ta ba ka damar aiki. Idan ta ƙare ba ka samu kulob ba, ka zama mai ɓuya, ko aikin kai abinci a kan keke da 'yan Nepal da Indiya ke yi a nan ba za ka samu da takarda ba. Ranar da duk na ga yaro namu a wannan hali, ba na iya barci.

Ban ce ka haƙura da ƙwallo ba, ko kusa. Ka fara shiga inda za a rubuta sunanka. Kano Pillars na da ƙungiyar ƙwallon kwando da ta sha ɗaukar kofin Najeriya, tana nan a garinku. Gasar BAL ta manyan kulob na Afirka da aka fara a 2021 ta sa idon duniya ya dawo kan kulob ɗin Afirka. Masai Ujiri, wanda a Zariya ya tashi ya kuma yi suna a shugabancin kulob a NBA, yana shirya sansanin horo na Giants of Africa. Ka samu kaka ɗaya ko biyu a gasar da hukuma ta san da ita, domin duk kulob ɗin waje da zai ɗauke ka sai ya nemi takardar sallama daga hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya. Karatunka ma kada ka sake shi, jarrabawar kammala sakandare ita ce ke buɗe ƙofar makarantun da ke ba 'yan wasa tallafi.

Ka sa wani ya ɗauki cikakken wasanka a bidiyo, daga farko har ƙarshe, ban da guntayen da ka zura ƙwallo kawai, ka turo mini tare da sunan kulob ɗin da mutumin ya faɗa maka. Ka gaida Baba da Inna.