Me ya sa sandar sunuka take zamewa daga ƙwallo?

TAMBAYA: Malam, ina da teburin sunuka a Tudun Wada, Zariya, kuma 'yan wasa suna ƙorafin cewa sanda tana zamewa duk lokacin da suka bugi ƙwallo ta gefe, ko da sun goga alli. Shin laifin allin ne, ko kuwa in kai wa baduku ya yanko mini sabuwar fata ya liƙa?

AMSA: Malam, kafin ka zargi alli, duba siffar fatar da ke kan sandar. Kan sanda mai kyau yana da ɗan tudu a tsakiya, kamar ƙoƙo a kife, domin ƙwallon zagayayye ne, kuma idan aka buge shi ta sama ko ta ƙasa ko ta gefe don ya juya, wannan tudun ne ke ba fatar wurin kamawa. Idan fatar ta baje saboda yawan bugu, gefenta kaɗai ke taɓa ƙwallon, sai ta zame, ka ji wata 'yar ƙara mara daɗi. Haka kuma fatar da ta yi santsi tana ƙyalli ba ta riƙe alli, komai yawan gogawa.

A Amurka da tsabar kuɗi ake auna wannan tudu. Akwai wanda ya yi daidai da lanƙwasar gefen tsabar santi 5 (santi 100 ne dala ɗaya), mai faɗin milimita 21, akwai kuma na santi 10, mai faɗin kusan milimita 18, wanda ya fi tsini. Na biyun ya fi dacewa da sanda mai siririn baki da gwanin da ke son juya ƙwallo, amma ga teburin haya, inda kowa ke ɗaukar sanda, ni na farkon nake ba da shawara, saboda ba ya hukunta wanda hannunsa ya ɗan kauce daga tsakiya. Faɗin bakin ma ya bambanta: sandar tebur irin na Amurka tana kai milimita 12 zuwa 13, ta ainihin sunukar Ingila kuwa 9 zuwa 10 ce, don ƙwallayenta sun fi ƙanƙanta, saboda haka ka auna bakin taka kafin ka sayi fata.

Batun baduku kuwa, ban goyi baya ba. Fatar akuya da ake ɗinka jaka da ita ta yi laushi da sirantaka, ba za ta jure bugu ba. Ta kan sanda matsa ta ake yi da inji har ta yi tauri. Akwai mai falle ɗaya, irin su Elk Master, mai araha, akwai kuma mai hawa-hawa irin su Kamui ta Japan, wadda ta fi daɗewa da siffarta. Sai dai yawancin masu hawa-hawan da fatar alade ake yin su, don haka wanda abin ya dama ya tambaya kafin ya biya.

Idan fatar taka tana da sauran kauri, gyara ya ishe ta. Ka sami samfefa, ka riƙa gogawa daga tsakiya zuwa gefe kana juya sandar har tudun ya dawo, sannan ka sa reza ka datse abin da ya fantsaro ya wuce zoben da ke ƙarƙashinta. Idan kuwa ta cinye har gefenta bai kai milimita 1 ba, canza ta, domin daga nan zoben ne zai fara tsagewa.