Tambaya da Amsa: Batirin motar gudu ya mutu, murfin da za a kai gare shi ya ƙi buɗuwa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da motar gudu mai kujera biyu wadda ba na fita da ita sai jefi-jefi. Na yi tafiya ta kusan makonni shida, da na dawo sai na tarar ko fitilar ciki ba ta kamawa. Na samu na buɗe ƙofa da mabuɗin ƙarfe, amma batirin yana cikin akwatin kaya na gaba, murfinsa kuma da wuta yake buɗewa. Wani abokina ya ce a tura ta, wani kuma ya ce a jona mata wuta daga babbar motar ɗaukar kaya. Wanne zan bi, kuma batirin zai sake moruwa?

Amsa: Malam, kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu. Batirin da ya sauka ƙaramar matsala ce, kuma ɓarnar da ake yi wa irin waɗannan motoci galibi wajen gaggawar tayar da su take faruwa. Yawancin manyan motocin ɗaukar kaya da wuta mai ƙarfin bolt 24 suke aiki, taka kuwa ta bolt 12 ce, don haka jona su na iya ƙone kwamfutocin motar nan take. Tura mota ba ya tayar da mai giyar otomatik, a mai giyar hannu ma famfon mai da kwamfutar inji ba za su motsa ba in babu wuta ko kaɗan, sannan man da bai ƙone ba yakan gangara ya lalata na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa.

Abin da ya kashe batirin naka zaman da motar ta yi ne. Ko an kashe ta an kulle, ƙararrawar tsaro da na'urar karɓar saƙon rimot da ta bin sawun mota suna ci gaba da zuƙar wuta kaɗan-kaɗan. Idan muka ƙaddara zuƙar ta kai miliamfiya 50, wanda shi ne iyakar da masu gyara suka saba ɗauka a matsayin daidai, to a yini guda za a rasa amfiya-awa (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) 1.2, a makonni shida kuwa kusan 50 ke nan. Batirin da ƙarfinsa bai wuce amfiya-awa 60 ko 70 ba babu abin da zai rage masa na juya inji mai nauyi.

Batun murfi shi ya fi ɗaure wa mutane kai. Ba ka faɗi sunan motar ba, amma tsarin da ka bayyana irin na Porsche 911 da Boxster da Cayman ne, kuma masu ƙera su sun tanadi hanya. A cikin akwatin fis da ke gefen hagu, wajen da ake sa ƙafa, akwai wani jan maƙale da ake jawowa waje. A kansa ake ɗaura jar waya da ta fito daga kan + na wani lafiyayyen batir, a ɗaura baƙar wayar da ta fito daga kan − nasa a ƙarfen jikin ƙofa da littafin motar ya nuna, sannan a danna maɓallin buɗe murfin. Ƙararrawa na iya tashi a lokacin, kada hakan ya firgita ka. Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan maƙale na buɗe murfi ne kawai, siririyar wayarsa ba za ta ɗauki wutar tayar da inji ba. Sauran kamfanoni kowanne da dabararsa. Chevrolet Corvette na shekarun 2005 zuwa 2013, alal misali, yana da ramin mabuɗi a saman lambar baya, BMW Z4 kuma batirinsa a but yake, wato akwatin kaya na baya, amma an tanadi wuraren jona waya a ƙarƙashin bonet. Littafin motarka shi ne alƙali a nan. Ka kuma kula da gilashin ƙofa, domin a motocin da gilashinsu ba shi da firam yakan sauka kaɗan da kansa kafin ƙofa ta rufu, idan babu wuta kuwa ba zai sauka ba, kuma buga ƙofar da ƙarfi na iya yaga roba ko fasa gilashin.

Da ka kai ga batirin, ka fara duba jikinsa. Idan ya kumbura, ko ya tsage, ko ruwansa na yoyo, to ba a yi masa caji, ba a kuma jona shi, sai dai a sauya. Sannan ka karanta rubutun da ke kansa ka san irinsa, ko mai ruwa ne, ko AGM (wanda ruwansa ke jiƙe a cikin zaren gilashi, ba ya motsi), ko kuma na litiyom, wanda Porsche ta fara sayarwa ga mai so a wasu motocinta a 2010 domin rage nauyi. Na litiyom cajarsa daban ce, kuma tsarin farfaɗo da batir da wasu caja ke da shi, wanda ke tura wuta sama da bolt 15, yana cutar da shi.

Idan ba sauri kake yi ba, kuma ina ganin bai kamata ka yi ba, hanyar da na fi yarda da ita ita ce caja mai sarrafa kanta, wadda za ta ba shi wuta a hankali, kamar amfiya 5 zuwa 7, ta kwana a kansa. Idan kuwa dole ce ta sa sai an jona da wata mota mai bolt 12, to jar waya ta fara hawa kan + na mataccen batir, ɗaya bakin nata ya hau kan + na mai rai, baƙar waya ta hau kan − na mai rai, bakinta na ƙarshe kuma a ɗaura shi a wurin da aka keɓe a jikin motar ko wani tsiraran ƙarfe nesa da batirin. Dalili shi ne tartsatsi a haɗin ƙarshe yake fita, batir kuma yana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta. A bar injin mai ba da wutar ya yi aiki na wasu mintoci kafin a gwada, wajen cirewa kuma a fara da wayar da aka ɗaura a ƙarshe. Masu cewa yawon rabin awa ya isa ya cika batir ba su faɗi daidai ba, domin aikin altaneta, na'urar da ke yi wa batir caji idan inji na aiki, shi ne mayar da ɗan abin da aka kashe wajen tayarwa, kuma ɗora mata cika batirin da ya ƙare ƙaf yana sa ta zafi.

Ko zai sake moruwa, mitar auna wuta ce za ta ba ka amsa. Idan batir mai dalma, wato mai ruwa ko AGM, ya daɗe a sauke, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa, kuma caji ba ya narkar da shi duka, shi ya sa ko ya farfaɗo ba ya komawa ƙarfinsa na da. Bayan caji ka cire cajar, ka bar shi ya huta na wasu awanni, sannan ka auna. Bolt 12.6 zuwa sama alama ce ta cika, 12.2 kusan rabi ke nan, idan kuma ya faɗi ƙasa da 9.6 a lokacin da ake tayar da inji to kwanansa ya ƙare. Da injin ya tashi ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5 a yawancin motoci. In sauyawa ta kama, ka sa irin wanda ka cire, ka kuma tambaya ko motarka na cikin waɗanda sai an sanar da kwamfutarsu an sa sabon batir, kamar yadda ake yi wa motocin BMW da dama, don kada ta riƙa yi wa sabon caji irin na tsoho.

Tunda motar zamanta ya fi tafiyarta yawa, ka samo ƙaramar cajar da ake barin ta a jone kullum, wadda ke tsayawa da kanta idan batir ya cika. Idan duk da haka ya sake sauka cikin 'yan kwanaki, ka sa mai gyaran wayarin mota ya auna zuƙar wutar bayan an kulle motar kwamfutocinta sun kwanta, domin sau da yawa wata na'ura da aka ƙara daga baya, kamar kyamara ko rediyo, ita ce ba ta mutuwa.